Butocin 'Yan Jirgi

A gidanmu na Harra ta Yamma, a Madina, da jirgi ake lissafin haihuwa, wato jirgin da Baba yake aiki a cikinsa lokacin da aka haifi mutum. Ni an haife ni a Mai Tari. Yayana an haife shi a Amarya, autanmu kuwa bayan an sayar da Jaka. Haka Baba yake faɗa, haka muka tashi muna faɗa, har ranar da wata malama ta tambaye ni shekarar haihuwata na buɗe baki da Hausa na ce mata Mai Tari. Yaran Takari da ke ajin suka kwashe da dariya, malamar ta ɗauka ciwo nake yi, ta taɓa goshina.

Baba kuku ne a wani kamfanin jiragen ruwa na dakon kaya na can Najeriya. Kamfanin ya daɗe da mutuwa. Mu dai Kamfani kawai muke cewa, kamar babu wani a duniya. Yana cikin aikin ya auri Inna, 'yar kawunsa da ya zo hajji a ƙafa ya zauna Madina. Idan jirginsu ya tsaya a Jidda ko Yanbu sai ya hau mota ya zo mana, ya yi 'yan kwanaki yana warin man inji da albasa, ya koma. Da Kamfani ya rufe sai ya zo gaba ɗaya, bai sake taka Najeriya ba.

Tarihin Kamfani kuwa na ji shi ya fi a ƙirga, kuma har yau in aka ce in jera shi sai kaina ya ɗaure. Abin da na riƙe shi ne, da tsofaffin jirage suka fara, na hannu, waɗanda Turawa suka gama cin moriyarsu. Aka goge fentin bututun hayaƙi aka shafa namu. Su ɗauki gyaɗa da auduga da ƙiraga su kai Turai, su dawo da siminti da fulawa da motoci. Daga baya arziki ya zo aka ƙera sababbi fil. Daga baya kuma arzikin ya juya baya, aka riƙa sayar da su ɗaya bayan ɗaya, wasu aka ja su zuwa wata gaɓa mai nisa aka yanka su da wuta aka sayar da ƙarfen. Wannan shi ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne sunaye. Kowane jirgi yana da sunan da aka rubuta masa da boko a gaba, to amma idan an sayar da tsoho sai a ɗauki sunansa a liƙa wa sabo, kamar yadda ake mayar wa jariri sunan kakansa. Su kuma Hausawan da ke ciki ba ruwansu da rubutun. Wanda injinsa ke sarƙewa shi ne Mai Tari, sabuwar da ta zo tana ƙyalli Amarya, mai jinkiri da ɗaukar kaya Jaka. Kuma ko Amaryar nan, da ta tsufa aka kawo wata, sai aka koma kiran sabuwar Amarya, ita ta farko ta zama Uwargida a bakin wasu, a bakin wasu tana nan Amaryarta. To don Allah wa zai gane wannan?

Abu ɗaya na Kamfani da ya rage mana shi ne butoci uku na ƙarfe a saman dulab, wato kwabar kayan Baba. Inna ta yi yaƙi da butocin nan har ta koma ga Allah. Duk sharar salla sai ta sauko da su ta ce za ta ba mai gwangwan, Baba ya ce amana ce, ta yi tsaki ta mayar. Ita ce ma ta gaya mini asalinsu, tana goge su tana mita. A jirgi kowane Musulmi yana da butarsa. Idan mutum ya mutu a tsakiyar teku ba a ajiye shi, a nan ake wanke shi a yi masa salla, a naɗe a tamfol da ƙarfe a ƙafa a zura shi ruwa. To babu kabari, babu ƙasar da za a nuna. Saboda haka wanda ya yi wankan shi ke riƙe butar mamacin har ya kai wa iyalinsa, ita ce shaida. Baba ke wankan a jirginsu, don shi ne mai ɗan karatu, kuma shi ne mai murhu, yana iya ɗumama ruwa. Ya kai butoci gidaje da dama. Sai dai akwai wata butar da ake bari. Wanda ya yi niyyar gudu a wata tasha ba ya sauka da butarsa, don da an gan shi da ita a hannu an san ba zai dawo ba. Sai ya bar ta a rataye ya sauka kamar mai zuwa kasuwa.

"Ɗaya ta ubanki ce," in ji Inna. "Ɗaya ta wanda ya mutu, ɗaya ta wanda ya gudu. Kamfani ya watse kafin ubanki ya san gidajensu. Ni kuma aka bar ni da goge ƙura."

Ban tambaye ta wacce ce wacce ba. Yarinta, da kuma ɗaukar cewa gobe ma rana ce.

Lokacin da wata baƙuwa ta zo mana, Inna ta daɗe a maƙabartar Baƙi'a, Baba kuma tsufa ya riga ya taɓa kansa. Ni nake zaune da shi. Wata rana garau, ya san ni, ya kira ni Uwata kamar kullum, don sunan mahaifiyarsa na ci. Wata rana kuma ya tashi yana faɗa wai an bar tukunya babu murfi alhali teku ta fara tashi. Ƙarar mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ma takan ruɗa shi, ya kasa kunne ya ce a gaya wa na ƙasa injin nan yana neman mai.

Matar Bakanuwa ce, kusan sa'ata. Umra ta zo. Ɗanta yana karatu a jami'ar Musulunci yana haya a Aziziyya, shi ya ji a wajen mai burodin tamis cewa akwai tsohon ɗan jirgi a Harra. Ya sauke ta a ƙofa bayan la'asar ya tafi. Ta shigo da niƙabi, wanda na ga alama ba ta saba da shi ba, sai gyara shi take. Surukarta ce ta ce mata haka ake shiga gidan mutane a Madina. Na ce ta cire, ai Baba uba ne, ta ce a'a, ba komai. Na kawo shayi da dabino, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

Mahaifinta ɗan jirgi ne a Kamfani, a ɗakin inji. Ya tafi tana goye, bai dawo ba. Wani ya zo ya ce ya rasu a teku. Wani kuma ya rantse ya gan shi a Jidda da mata da 'ya'ya. Dangin uban suka kama ta biyun, suka ce ba za su yi zaman makokin mai rai ba. Uwar ba ta yi takaba ba, ba ta kuma yi aure ba, haka ta zauna tsakani har ta mutu.

"Hajiya, ni ba gado nake nema ba," ta ce da ni. "Tun da na yi wayo ban taɓa cewa Allah ya ji ƙansa ba. Sai na buɗe baki sai zuciyata ta ce, in kuma yana can yana cin shinkafa da wasu 'ya'yan fa? Jiya ina cikin Harami na yi wa uwata addu'a, na zo kansa na tsaya. A gaban Manzon Allah fa. Ina so in sani kafin in koma. Ai an ce da yawansu nan ƙasar suka maƙale."

Wannan ta ƙarshen ta sosa ni, ba zan ɓoye ba. Na ce, "Wasu dai. Ubana da aurensa da saninsa ya zauna, ba maƙalewa ya yi ba." Ta ce wallahi ba haka take nufi ba. Na san ba haka take nufi ba, amma ni in raina ya ɓaci sai na furzar.

Muka shiga wajen Baba. Ranar da sauƙi-sauƙi, yana zaune a kujerarsa yana jan carbi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi sunan mahaifinta. Baba ya girgiza kai, ya ce a jirgi ba a kiran suna, da gari ake kiran mutum ko da aikinsa, kuma 'yan Kano sun fi gashin tinkiya yawa. Sai ta faɗi sunan jirgin, na bokon, wanda uwarta ta haddace ta riƙa maimaita mata.

Fuskar Baba ta washe. "Mai Tari ke nan," ya ce. "Na yi shekaru a cikinta."

Na ji daɗi, na ce to Baba, wa ya rasu a Mai Tari?

"Babu wanda ya rasu a Mai Tari. Tari dai take, amma ba ta ci mutum ba. Ai lokacin da kike faɗa an sayar da ita, sunan ya koma kan Amarya."

"To a Amarya wa ya rasu?"

"Wace Amaryar?"

Na ce inna lillahi. Na ce ta farko. Ya ce ta farko ba ta taɓa shiga Bahar Maliya ba. Na ce to ta biyu. Ya ce ta biyu ai ita ce Jaka. Na ce Baba, Jaka fa ka ce mana tsohuwa ce tun ta Turawa. Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa yaron da ya kasa karatun allo, ya ce, "Uwata, ba ki san jirgi ba." Daga nan ya shiga labarin yadda ake dafa wake idan teku tana rawa, a ɗaure tukunya da waya ta ɓangare uku. Matar tana zaune ta tattara hankalinta duka tana saurare, wai ko ubanta zai faɗo daga cikin waken.

Na hau kujera na sauko da butocin na jera a gabansa. Na yi wa matar bayanin al'adar. Duk ukun kusan iri ɗaya ne, sun dushe. Ɗaya da lotsawa a ciki, ɗaya an ɗaure hannunta da wayar tagulla, ɗaya babu murfi. Na ce Baba, wacce ce taka? Ya ɗauki mai wayar. Can ya ajiye ya ɗauki mai lotsawar ya ce wannan ce, ya faɗi da ita a matakala. Na ce to wacce ce ta wanda ya rasu? Ya nuna marar murfin. Na ce ta wanda ya gudu fa? Ya sake nuna marar murfin.

Wallahi sai da na ɗaga masa murya. Na ce Baba, baiwar Allah nan ta ƙetaro duniya, ka nutsu mana. Ya tsorata, ya rungume butocin a ƙirji ya ce amana ce, kada a ba mai gwangwan. Kunya ta kama ni, haushi ya kama ni, na rasa wanda zan ji haushinsa, shi ko Kamfani ko Inna da ta tafi da amsar. Matar ce ma ta riƙa ba ni haƙuri. Da za ta tafi na tambaye ta ko ta san wata alama ta butar ubanta. Ta ce ita ko hotonsa ba ta da shi. Abin da ta sani kawai, kowa yana cewa ita ce shi sak, har uwarta in ranta ya ɓaci takan ce ta kawar mata da fuskar nan.

Kwanakin da suka biyo baya na zama kamar mai tatsar sa. Da safe in kawo masa ful, wato dafaffen wake, da tamis in lallaɓa in tambaya. Ya ba ni mutuwa uku daban-daban. A ɗaya, zazzaɓi ne ya kama wani Bazazzagi kusa da Turai. A ɗaya, igiya ce ta tsinke ta doki wani. A ɗaya kuma babu wanda ya mutu, kyanwar jirgi ce. Wanda ya gudu ma wata rana a Jidda ya gudu, wata rana a Bur Sudan, wata rana ya dawo da kansa aka yafe masa. Na kira yayana a waya ko ya tuna wani abu. Shi Hausarsa a kunne take, da Larabci yake amsawa. Ya ce in bar tsoho ya huta, in gaya wa matar ya rasu, khalas, shi ke nan, wa zai sani? Na ce ni zan sani. Ya ce to ki sha fama.

Na yi tunanin bin shawararsa, kuma na yi tunanin kishiyarta. In na ce ya rasu alhali yana can Jidda da jikoki fa? In na ce ban sani ba, ta koma Kano da bakinta a ɗaure kamar yadda ta zo. Ni kaina na fara shakkar abubuwan da na sani. Ashe ma Mai Tarin da aka haife ni a cikinta wacce ce? Idan sunan ya yi yawo haka, wa ya ce ni ba 'yar Amarya ba ce?

Ana gobe za su wuce Makka ta dawo yin sallama. Ta zo kafin la'asar da tsarabar kuka da daddawa. Ba ta ko sake tambaya ba, ta ce ta bar wa Allah. Baba yana tsakar gida, na fito da shi shan iska a inuwar katanga, ranar kuwa tun safe bai san ni ba. Butocin suna nan gefe inda na bar su, don na gaji da hawa kujera. Aka kira salla. Na miƙa mata butar roba, sai ta ce, "Hajiya, in ba damuwa bari in yi da ɗaya daga waɗannan. Ko ba tasa ba ce, ta zauna kusa da tasa."

Ta ɗauki mai wayar tagullar ta ɗauraye ta cika a famfo. Ta tsuguna bakin rariya, ta kwance niƙabin ta ajiye a kafaɗa. A lokacin na fara ganin fuskarta sosai, doguwa, da wushirya, da gira mai kauri da ta kusa haɗewa. Ta wanke fuska ta ɗago, ruwa yana ɗiga daga haɓarta.

Na ji carbin Baba ya faɗi ƙasa.

Ya tsura mata ido. Ya kama hannun kujera yana neman tashi, na riƙe shi. Da ya yi magana muryarsa ba ta tsufa ba ce, ta wani mutum ce mai ƙarfi da ban taɓa ji ba.

"Kai, na ɗakin inji. Me ka fito yi? Ba na wanke ka ba?"

Matar ta sandare da buta a hannu.

"Da hannuna na wanke ka," in ji Baba. "Ka yafe mini ruwan. Da sanyi, na sani. Teku ta tashi, an hana kunna murhu, babu yadda zan yi. Kowa na ɗumama masa, kai kaɗai ne ban ɗumama wa ba." Hawaye ya gangaro masa. "Kana ta cewa 'yarka ta fara haƙori. Na ce zan kai butar. Ban samu gidan ba."

Babu wanda ya motsa. Ladan yana tayar da salla a lasifikar masallacin unguwa. Sai matar ta ajiye butar a hankali, ta matso a durƙushe har gaban kujerarsa, ta ce, "Baba, an yafe. Butar ta iso."

"To madalla," ya ce. Ya jingina, ya dube ni ya tambaya ko an sauke fulawar.

Ta koma ta sake alwalar daga farko, don ta ce ba ta san inda ta tsaya ba. Muka yi salla a ɗakina. Bayan sallama na ji ta tana faɗa a hankali, Allah ya ji ƙan Babana, Allah ya ji ƙan Babana, tana maimaitawa kamar mai koyon sabuwar kalma. Ni ma na yi kuka, kuma ba na cikin masu saurin kuka.

Ta tafi da mai wayar tagullar. Na naɗe mata a ɗankwalin Inna. Har yau ban sani ba ko ta ubanta ce, ko ta wanda ya gudu, ko ma ta Baba ce na ba ta. Na so in faɗa mata a bakin ƙofa, sai na ga yadda ta rungume ta, na ce Allah ya kiyaye hanya.

Bayan tafiyarta wani tsoro ya shige ni. Baba ya sha kiran mai kawo gas da sunan kyaftin, ya sha ce mini Inna. To in wannan ma ruɗewa ce fa? In gobe ya dubi wani ya ce masa ba na wanke ka ba? Na zama mai gadin bakinsa. Duk wanda ya shigo gidan, likita ne, maƙwabci ne, 'yan Kanon da ke zuwa gaishe shi lokacin hajji ne, sai in tsaya kusa in kasa kunne. Har wani mai wushirya ya taɓa zuwa gyaran mukayyif, na ƙi barin ɗakin. Baba ya kira mutane da sunaye iri-iri, ya sayar da Jaka ya sake sayo ta, ya aurar da Amarya ga Turawa. Amma maganar wankan nan bai sake yi wa kowa ita ba, har ya bar duniya.

Da sanyi ya rasu, da hantsi. Da za a ɗauke shi zuwa wajen wanka na bi yayana har bakin mota na kama hannun rigarsa, na ce ya gaya wa masu wankan su ɗumama ruwan. Ya dube ni kamar na zautu, ya ce da Larabci ai wurin akwai na'urar ɗumama ruwa, kowa da ruwan ɗumi ake masa.

Na ce na sani, ka dai taɓa da hannunka ka ji.